Man da Na Zaɓa wa Motar Baba Usman

Wata biyu ke nan da dawowata daga Madina, amma har yau ban sha shayi cikin kwanciyar hankali a majalisarmu ta wajen wankin mota ba. Wannan ya ce, "Alhaji Sabi'u, wai da gaske ne can ana yar da mota don ta yi ƙura?" Wancan ya ce in ba shi labarin abinci. To ga shi zan faɗa gaba ɗaya, ku huta ni ma in huta. Sai dai mai jiran labarin daɗi ya yi haƙuri, don abin da ya fi yawa a cikin nawa tsoro ne.

Kun san shekara goma sha ɗaya na yi ina wanki da goge mota a nan Kano, a hannun maigidana Malam Tanko, Allah ya ji ƙansa. Motocin da suke zuwa mana tsofaffi ne, rana ta gama cinye musu fenti. Abu biyu ya koya mini game da man goge mota. Na farko, ka murza shi tsakanin yatsu, in ba ka ji yashi-yashi ba to kwalliya ce kawai, ba zai ci ba. Na biyu, kada ka ɗaga hannu sai tsumma ya ɗauko launin motar, jar mota tsumma ya yi ja, shuɗiya ya yi shuɗi. Da wannan ilimin na yi suna, da shi kuma na hau jirgi lokacin da wani kawuna ya samo mini bizar direban gida.

Ban taɓa shiga jirgin sama ba sai ranar. Da ya ɗaga na riƙe hannun kujera kamar za a ƙwace mini ita. Wata tsohuwa mai zuwa umara tana gefena, ta dube ni ta ce, "Ɗan nan, saki kujerar mutane, in faɗuwa za a yi da ita za ka faɗi." Ta ba ni goro, na tauna ban ji ɗacinsa ba.

Da rana tsaka muka sauka Jidda. A layin jawazat, wato masu duba fasfo, aka ce in ɗora yatsuna a kan wani ɗan gilashi mai haske. Na ɗora, na'ura ta ƙi. Jami'in ya ce, "Marra tanya." Na sake, ta ƙi. Ashe sabulu da mai na shekara da shekaru sun cinye zanen yatsuna, sun yi sumul kamar bayan cokali. Aka fitar da ni daga layi aka tsayar da ni gefe, mutanen jirginmu suna wucewa suna kallona. Na fara tunanin da wane ido zan kalli waɗanda suka raka ni filin jirgi in aka mayar da ni a ranar. Sai wani jami'i baƙi mai kaki ya matso, ya duba fasfona, ya yi magana ƙasa-ƙasa.

"Ya akhi, shafa hannunka a goshi, maiƙo zai kama. Ba'aden ka ɗora."

Na tsaya baki buɗe, Balaraben gwamnati yana Hausa. Goshin nan kuwa ba ya rasa maiƙo, don gumi nake kamar an watsa mini ruwa. Na shafa, na ɗora, na'ura ta yi ƙara ta karɓa. Kafin in yi masa godiya har ya juya.

Daga nan bas muka shiga zuwa Madina. Hanya ce doguwa, babu rami ko ɗaya, babu kuma mai tallan gyaɗa ko rake da zai leƙo ta taga. A wani zango aka tsaya cin abinci, aka shimfiɗa leda a ƙasa aka ajiye faranti ɗaya na shinkafa da kaza. Na nemi yaji aka kawo mini wani ruwan tumatir mai ɗan zafi, na ce a raina waɗannan mutane ba su san wahalar duniya ba.

Gidan da zan yi aiki yana Ƙuba, tafiyar minti goma a ƙafa zuwa masallaci. Ɗakina na jikin ƙofar gida, ƙarami, da katifa da na'urar sanyaya ɗaki mai kukan injin markaɗe. Mai gidan Baba Usman ne, tsoho mai kusan tamanin. Kakansa ne ya taso daga ƙasar Haɗeja a ƙafa ya bi ta Sudan ya zo hajji bai koma ba. Shi Baba a Madina aka haife shi, Hausarsa irin ta mutanen da ce, gauraye da Larabci. Ɗansa Faisal shi ne kafilina, wato da sunansa aka yi mini iƙama, takardar zama. Yana jin Hausa sarai, amma in ka yi masa sai ya mayar maka da Larabci, kuma mutum ne mai saurin hawa.

Ranar Juma'ar farko na je unguwar Al-Sih, gidan wata mata mai sayar da tuwo, inda direbobi da leburori 'yan gida suke haɗuwa. Miyar kuka ce, na ci har na lashe hannu, amma hirar da aka yi ta hana tuwon zama. Wai wane ya goge ƙofar motar kafilinsa a jikin bango, kwana uku ya tsinci kansa a Kano. Wai wane shayi kawai ya zubar a kujera. Suka ce kafili ba ya buƙatar zuwa ofis, a wayarsa zai danna a rubuta maka fita ba dawowa. Ban san nawa ne gaskiya nawa ne ƙari ba, amma tun daga ranar duk lokacin da Faisal ya zaro waya a gabana sai gabana ya faɗi.

Abokina na farko a layinmu Illiya ne, mutumin Tawa ta Nijar, mai 'ya'ya biyar a gida. Shi yake wanke motocin layin kowace safiya. Can ba a jan tiyo a malale titi da ruwa kamar yadda muke yi, baladiyya, wato hukumar gari, tara take ci. Bokiti ɗaya da tsumma biyu Illiya yake gama mota uku da su, in ya gama ya ɗaga mata waifa sama, alamar an wanke. Na yi masa dariya na ce wannan ai taimama ce ba wanka ba. Kullum tare muke karyawa da ful, wato dafaffen wake da man zaitun, da wata gurasa mai faɗi da suke kira tamis. A nan ya gaya mini asirinsa. A iƙamarsa an rubuta makiyayi ne, kafilinsa ya sake shi ya nemi na kansa. In aka kama shi da bokiti a hannu, sai tarhil, gidan da ake tara waɗanda za a kora.

Ban yi zaton ana sanyi a Madina ba sai da wata na huɗu ya kama. Iska take tasowa da safe ta shiga ƙashi, wani lokaci a yi yayyafi mai laka ya bushe a jikin mota ya bar tabo. Baba yana da wata baƙar mota doguwa da ya saya sabuwa tun Faisal yana makaranta. Ba ya tuƙi yanzu, hannunsa rawa yake, amma kowace yamma sai ya fito ya zagaya ta. Duk shekara kafin sanyi ya yi ƙarfi yakan shafa mata man kariya da hannunsa, wanda suke kira shama'a. Wata Laraba da za su tafi umara a jirgin ƙasa shi da Faisal, ya kira ni ya miƙo mini wani tsohon gwangwani da ya kusa ƙarewa.

"Ya waladi, ka je mahalli ka sayo irin wannan bizzabt, irinsa sak. Amma kada ka taɓa motar. Ka jira ni in komo mu yi tare, ni ina faɗi kai kana yi."

Na ce, "To, Baba." A raina kuwa haushi na ji. Ni za a zaunar a koya wa goge mota?

Da na sauke su a tasha na wuce shagon kayan mota. Mai shagon ɗan Yaman ne, ya jera mini iri huɗu a kan kanta. Akwai na fesawa, ya ce yana da sauƙi amma ruwa biyu ya wanke shi. Akwai na ruwa a kwalba, ya ce wannan yana kai wata biyu. Akwai irin na Baba, daskararre a gwangwani, ya ce shi ya fi wahalar shafawa amma shi yake fitar da mota sanyi gaba ɗaya. Na buɗe na murza, laushi kamar man shanu, ko ƙwayar yashi babu. Na ture shi. Na huɗun kuwa ina murzawa na ji abin da na saba, yana ƙartar yatsa.

Mai shagon ya girgiza kai ya ce, "La, la. Haza khashin," wato mai kaushi ne. Ya yi mini kwatance da hannu cewa na masu fenti ne, na cinye ƙarzuwa, ba na kariya ba.

Na fahimce shi sarai, kada wani ya ce rashin Larabci ne ya ja mini. Mai kaushin nake so, shi kuma na saya. Na ɗauka in Baba ya dawo ya ga motarsa tana ɗaukar ido zai san ba ƙaramin mutum aka kawo masa daga Kano ba.

Washegari da hantsi na fito da motar cikin rana, don a gida haka muke yi, a lafta mai a bar rana ta busar da shi. Na fara da bonet. Illiya yana wucewa da bokitinsa ya tsaya ya leƙa gwangwanin.

"Sabi'u, mi kake yi haka? Ba a sa ma motocin nan wanga. Cikin rana kuma?"

Na ce, "Kai da ka baro raƙuma shekaranjiya za ka koya mini aikina? Je ka ci gaba da taimamarka."

Ya yi dariya ya ce, "Allah shi ba da sa'a," ya wuce.

Na yi ta murza. Na duba tsumma, fari fat, bai ɗauko komai ba. Abin da ban sani ba, motocin da ba su sha wuya ba suna da wani ruwa marar launi da ake fesawa a kan fenti, kamar gilashi, shi ne sheƙin. Namu na gida rana ta daɗe da cinye shi kafin su zo hannunmu, shi ya sa tsumma yake ɗaukar launi nan da nan. Ni kuwa na ce man bai ci ba tukuna. Na ƙara lafta shi, na sa ƙarfin kafaɗa a wuri ɗaya, ina murzawa ina dubawa. Can tsumma ya yi baƙi. Har na yi murmushi. Na share wurin, sai ga wani tabo dusu-dusu a tsakiyar bonet, girman faifai, kewaye da zane-zane kamar an bi da tsintsiya.

Na zuba ruwa ya ɓace, na ce alhamdu lillahi. Ruwan ya bushe ya dawo. Na zauna a bakin titi. Babu abin da nake gani sai wayar Faisal. Na tuna matata da ta riga ta gaya wa kowa a unguwa shekara biyu zan yi, na tuna wata huɗu kacal na yi. Na shiga ɗaki na ɗauko man zaitun ɗin da muke zuba wa ful na shafe wurin, ya yi sheƙi na ƙarya, na ja rigar mota na rufe ta. Ranar ban iya cin komai ba.

Ranar Juma'a da yamma na ɗauko su, Baba ya gaji bai fita wajen mota ba. Illiya ba ya wanki ran Juma'a, sai Asabar da safe ya zo aikinsa kamar kullum, ya yaye rigar, ya ga maiƙo ya kama ƙura, ya sa tsumma ya goge. Daidai lokacin Faisal ya fito. Abin da ya gani shi ne mutum da tsumma a hannu, tsaye a kan tabo.

Ihunsa ne ya fito da ni daga ɗaki. Larabci yake zubawa kamar ruwan sama, yana nuna bonet, wayarsa a ɗaya hannun. Illiya ya ja da baya yana rantsuwa.

"Wallahi ba ni ba ne, ya ammi. Ni ruwa da tsumma kaɗai nika sa mata. Sabi'u, hwaɗa mishi."

Faisal ya juyo gare ni. Ranar ce kaɗai na ji ya yi mini Hausa.

"Kai, ka gani? Wa ya yi wannan?"

Na dubi wayar, na dubi Illiya, shi ma ni yake kallo, ba da fushi ba, kallon mai jiran abin da ya tabbata za a faɗa. Na ce, "Ban sani ba."

Faisal ya miƙa wa Illiya hannu ya ce, "Hat al-iƙama." Illiya ya ajiye tsumma a bakin bokiti a hankali. Ya fara tafiya kamar zai je ya ɗauko, da ya kai kwanar layi sai ya sa gudu. Bokitinsa ya wuni a wurin da ruwa a ciki.

Na yi tsammanin zan ji sauƙi, ban ji ba. Na kai matan gidan kasuwa na kusa hawa bayan wata mota. A masallacin Ƙuba na yi la'asar ban san raka'a nawa liman ya yi ba. Tsoron kora yana nan bai tafi ba, ga kuma wani ya hau kansa. Da na dawo na tarar da Baba zaune a kujerar roba kusa da motar, ya ɗora tafinsa a kan tabon. Na durƙusa a gabansa na faɗi komai, har da man zaitun.

Ya ce, "Na sani tun da na taɓa. Tsumman mai wanki ba ya yin wannan, wannan aikin mai ƙarfin hannu ne da taurin kai. Boya ce, ya waladi, fenti ne, ana sake shi. Ina yaron mutane?"

Na ce ban sani ba, wannan karon da gaske.

Da Faisal ya dawo ya ji, ya yi mini faɗan da ban taɓa sha ba tun ina yaro. Na tsaya ina jiran ya danna waya. Bai danna ba. Ya ce shi bai kira kowa a kan Illiya ba ma, fushi ne kawai, in je in gaya masa ya dawo aikinsa. Kwana biyu bonet ya yi a wajen masu fenti ya fito kamar ba a taɓa ba. Sauran jikin motar kuwa, Baba ya sa na koma shagon ɗan Yaman na sayo mai laushin nan. Ya zauna a inuwa yana faɗi ina yi, a wanke ta bushe, a ɗebo kaɗan a soso, a shafa siriri wuri-wuri, in ya yi fari a share da tsumma mai laushi ba tare da danna hannu ba. Da aka yi yayyafi ruwan ya riƙa taruwa ƙwaya-ƙwaya yana gangarewa. Abin da na ji tsoro har na yi ƙarya dominsa, iyakarsa ke nan, faɗa na rabin sa'a.

Illiya kuwa wayarsa a kashe. Na je unguwar Al-Ranuna inda suke kwana su shida a ɗaki ɗaya, suka ce tun ranar Asabar ya kwashi kayansa, ya ce an kai sunansa wajen hukuma, ba zai jawo musu ba. Na je Al-Sih Juma'a uku a jere ina tambaya. Sai bayan wata biyu wani ɗan garinsu ya gaya mini. Ya shiga mota zai tafi garin Yanbu neman wani aikin, aka tsayar da su a shingen hanya, aka ga takardarsa ba ta dace da inda yake ba. Ya yi makonni a tarhil, aka sa shi a jirgi, aka kuma rubuta ba zai sake shiga ƙasar ba. Mutumin ya rubuta mini lambar Illiya ta gida a bayan takardar shago.

Na cika shekara biyuna lafiya. Na yi hajji, na yi wa motar Baba shama'a sau biyu, ranar da zan taho ya rungume ni ya sa mini albarka. Takardar nan kuwa tana cikin jakata duk tsawon lokacin. Sau da yawa nakan ɗauko ta in danna lambar har ƙarshe, sai in goge. Jami'in jawazat bai ba ni tsoro kamar yadda lambar nan ta ba ni ba.

Ranar Talatar da ta wuce na kira. Wata yarinya ta ɗauka ta kai masa, ina jin kukan awaki a bayansa. Na ce Sabi'u ne, na Ƙuba. Na fara zuba bayanin da na shekara ina shiryawa, cewa na faɗi gaskiya a ranar da yamma, cewa Faisal bai kira kowa ba, cewa na neme shi. Da na zo kan cewa ba a kira kowa ba sai na ji ya ja numfashi.

Ya ce, "Ashe ba a kai sunana ba."

Na ce, "Ba a kai ba, Illiya. Ka yafe mini don Allah."

Sai ya ce, "Motar tsoho ta gyaru?"

Na ce ta gyaru.

Ya ce, "To, madalla." Ya kashe wayar.